Tsakanin Mawaƙi da Ubangidansa: Darasi daga Tsara Manhajar Kwamfuta

A hutun da ya wuce na tsoma hannu cikin wani aiki wanda ban zaci zai kai ni inda ya kai ni ba. Ina shirin rubuta kundin neman digiri a kan makaɗan baka da iyayen gidansu, na kuwa tara 'yan katuna masu yawa, kowane kati ɗauke da sunan waƙa, da sunan mai ita, da na wanda aka yi wa. Tun ina ɗaure su da roba har na koma zuba su cikin kwalin takalmi. Ran nan wani abokina da ke karatu a sashen kimiyyar kwamfuta ya tarar na baje su a kan katifa ina cigiyar kati guda, sai ya ce, "Mutumina, wannan wahala ta mece ce? Zo in nuna maka yadda na'ura za ta riƙe maka su." Ya buɗe mini harshen nan na tsara manhaja da ake kira Python, sa'an nan ya ba ni atisayen da ya ce shi ake bai wa kowane ɗan koyo a wurinsu, watau a siffanta dangantakar ɗalibai da darussa: ɗalibi guda yana ɗaukar darussa da yawa, darasi guda kuma ɗalibai da yawa ke ɗaukarsa. Na gama na ɗalibai da darussa cikin kwana biyu ban ji a jikina ba. Da na juya ga mawaƙa da iyayen gidansu, sai da na yi mako shida ina gini ina rushewa.

Abin da na gani cikin waɗannan makonni shi ne dalilin wannan maƙala. Ra'ayin da nake so in gabatar wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai shi ne, wannan atisaye da ake ganin kamar na masu kwamfuta ne kaɗai, ya kamata ɗalibin Hausa ya yi shi ko da sau ɗaya ne kafin ya bar jami'a, kuma ya yi shi da kayan gidansu. Dalilina kuwa, wuyar aikin ba ta wajen na'ura take ba. Tana wajen sanin abin da ake siffantawa, wannan sani kuwa a sashenmu yake.

Aji da Ɗan Aji

Ya kyautu a share fage ga wanda bai taɓa leƙa wannan fanni ba. Manhajar kwamfuta umarni ne da ake rubuta wa na'ura ta bi. Hanyoyin tsara wannan umarni suna da yawa, amma wadda ta shafe mu a nan ita ce wadda ake ginawa bisa abubuwa. Mai tsarawa yakan dubi duniyar da yake so ya siffanta, ya kasa abin da ke cikinta aji-aji. Kalmar aji ba baƙuwa ba ce gare mu, domin a nahawu mukan ce ajin suna da ajin aikatau, mun kuma san "doki" ɗan ajin suna ne. To, haka abin yake a can. Aji kamar akwatin buga bulo ne, ɗan aji kuwa shi ne bulon da aka buga. Idan na kafa ajin Mawaƙi, zan faɗi siffofin da kowane mawaƙi zai kasance da su, kamar suna, da gari, da abin kiɗa. Daga nan sai in buga 'yan aji: Ibrahim Narambaɗa mai kotso, Salihu Jankiɗi mai taushi, Mamman Shata mai kalangu. Ban da siffofi, kowane aji yana da ayyuka, watau abin da ɗan aji zai iya yi ko tambayar da zai iya amsawa in an yi masa.

Wannan hanya ta samo asali ne daga ƙasar Norway, inda wasu masana biyu, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, suka ƙirƙiro harshen Simula a birnin Oslo. Zubinsa na 1967 shi ne ya fito da aji da ɗan aji a fili. Abin lura shi ne, sun yi shi ne don kwaikwayon al'amuran duniya a cikin na'ura, saboda haka tun daga tushe hanyar ta siffanta rayuwa ce. Daga baya Alan Kay da abokan aikinsa suka fito da Smalltalk a Amurka cikin shekarun 1970, Bjarne Stroustrup ya fara aikin da ya haifi C++ a 1979, Guido van Rossum ya fitar da Python a 1991, Java da Ruby suka biyo baya a 1995.

Aji ba ya zama shi kaɗai, sai da dangantaka da wani. Dangantakar nan iri uku ce, zan kuwa ari kalmomin nahawu in raɗa musu suna. Akwai ta tilo da tilo, kamar mota da lambarta. Akwai ta tilo da jam'i, kamar uwa da 'ya'yanta: ita tana da su da yawa, amma kowannensu uwarsa guda. Sai kuma ta jam'i da jam'i, wadda kowane ɓangare ke da abokai da yawa a ɗaya ɓangaren. Ta farko da ta biyu ba su da wuya. A ta uwa da 'ya'ya, in kowane ɗa ya riƙe sunan uwarsa magana ta ƙare, domin duk mai neman 'ya'yan wance sai ya bi yara ya tambaye su. Ta ukun ce mai ƙura, domin babu ɓangaren da zai riƙe suna guda ya wadatar.

Baki Biyu

Da farko na ɗauka tsakanin ubangida da mawaƙa dangantakar tilo da jam'i ce. Abin da ya ruɗe ni shi ne yadda muka saba karanta makaɗan fada: Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa Amadu ne, Jankiɗi na Sarkin Musulmi Abubakar ne, Musa Ɗanƙwairo na Sarkin Ƙayan Maradun ne. Sai na ba ajin Mawaƙi gurbi guda na ubangida. Ginin bai kai ko'ina ba ya tsage. Ɗanƙwairon nan dai ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Shata kuwa, wanda ya rasu a 1999, ba a ma maganarsa, domin ya waƙe sarakuna da attajirai da 'yan siyasa da direbobi da matan gari. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Sarkin Dauran nan da Ɗanƙwairo ya waƙe, Shata ma ya waƙe shi, haka Sardauna. Ashe jam'i da jam'i ce.

Dabarar da ta fara zo mini ita ce wadda nake jin takan fara zuwa wa kowa. Na ba kowane mawaƙi jerin iyayen gidansa, na kuma ba kowane ubangida jerin mawaƙansa. Duk lokacin da na ɗauki kati, sai in rubuta a jeri biyu. Kwana kaɗan abin yana tafiya daidai, har ina yaba wa kaina. Sai wata rana na gane cewa wani kati na yi kuskure a cikinsa, waƙar da na jingina wa wani makaɗi ta wani ce daban. Na shiga jerin makaɗin na goge sunan basaraken, na manta ban shiga jerin basaraken na goge sunan makaɗin ba. Bayan kwana uku na tambayi na'ura ko makaɗin ya taɓa yi wa basaraken waƙa, ta ce a'a. Na tambaye ta su wa suka yi wa basaraken waƙa, sai ga sunan makaɗin a sama. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, ni ne na yi mata baki biyu. Na kama kuskuren ne kawai don ina tune da katin. Da a ce katuna dubu goma ne, mutum biyar ke shigar da su, wa zai tuna?

Akwai kuma aibi na biyu wanda ya fi wannan girma. Katunana suna ɗauke da shekarar da aka yi waƙa, da wurin da aka yi ta, da dalilinta, ko naɗi ne ko hawan salla ko ta'aziyya. Na rasa inda zan ajiye waɗannan. Shekarar ba siffar mawaƙi ba ce, domin ya yi waƙa a shekaru da yawa. Ba kuma siffar ubangida ba ce, saboda wannan dalilin. Siffa ce ta abin da ya haɗa su.

A nan ne idona ya buɗe. Abin da ya haɗa mawaƙi da ubangida shi kansa abu ne, yana da suna, yana da siffofi, ya kuma cancanci ajinsa. Waƙa ke nan. Sai na rushe jerin nan biyu, na kafa aji na uku a tsakani, na ce kowace waƙa ta riƙe mawaƙinta guda da ubangidanta guda, tare da shekara da wuri da dalili. Ajin Waƙa kuma ya riƙe jerin dukan waƙoƙin da aka shigar. Yanzu idan aka tambayi mawaƙi su wa ya yi wa waƙa, ba ya ajiye amsar a aljihunsa. Sai ya bi jerin waƙoƙi kaf, ya tsamo waɗanda ke ɗauke da sunansa, ya zaro ubangidan kowace, ya zubar da maimaici, ya miƙa. Ubangida ma haka zai yi ta nasa ɓangaren. Da wannan, dangantakar jam'i da jam'i guda ta rikiɗe ta zama ta tilo da jam'i guda biyu, kowace gaskiya kuma wuri guda aka rubuta ta. In an gyara kati, an gyara ko'ina.

Ba ni na gano wannan ba, ba shakka. A atisayen ɗalibai da darussa, ajin tsakani shi ne Rajista, a cikinta kuma ake ajiye zango da maki, tun da maki ba na ɗalibi ba ne shi kaɗai, ba kuma na darasi ba ne. Masu rumbunan bayanai sun daɗe da saninsa. Edgar Codd ya shimfiɗa ƙa'idar ajiye bayanai cikin jadawalai masu dangantaka a 1970, Peter Chen kuma ya fito da hanyar zana abubuwa da dangantakarsu a 1976, inda ya yarda dangantaka ta kasance da siffofin kanta. Kayan aikin da ake gina shafukan intanet da su, irin su Rails na 2004 da Django na 2005, duk sun tanadi hanyar kafa wannan aji na tsakani. Amma ga abin da ya sa nake cewa a yi atisayen da kayan gida. Da na yi na ɗalibai da darussa, abokina ne ya faɗa mini Rajista, na rubuta, na wuce, ban san ciwon da take magani ba. Sai da na ɗanɗana baki biyu a kan katunan da na san su kamar yunwar cikina, sa'an nan na fahimci dalilin. Gani ya kori ji.

Sarkin Kano na 1963

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce wannan dabara ce ta masu kwamfuta, ɗalibin Hausa ya ara ya yafa. Abin da ya biyo baya shi ne ya nuna mini akasin haka, domin duk tsagewar da ginin ya riƙa yi daga nan, ilmin adabi da na tarihi ne ke hango ta.

Ta farko ta shafi ajin Mawaƙi kansa. Ɗanƙwairo, kafin ya kafa tasa ƙungiya, ya yi zama a ƙarƙashin wansa Abdu Kurna. A waƙoƙin wancan zamani shi mai karɓi ne, a na baya shi ne jagora. In na buga shi ɗan ajin Mawaƙi, na sake buga shi ɗan ajin Mai Amshi, na mai da mutum guda biyu, baki biyu kuma ya dawo ta bayan gida. Haka Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920: basarake ne, kuma marubucin waƙa ne. A wane aji za a sa shi? Tilas na rushe Mawaƙi da Ubangida gaba ɗaya, na kafa aji guda na Mutum. Zama jagora, ko mai amshi, ko makaɗi, ko ubangida, duk matsayi ne da mutum ke takawa a cikin wata waƙa, saboda haka a ajin tsakani ya kamata a rubuta shi. Wannan magana ce da malamanmu na adabin baka suka sha faɗa mana da wasu kalmomi, amma ban taɓa jin nauyinta ba sai da na'ura ta ƙi karɓar mutum guda a gurbi biyu.

Ta biyu ta fi ba ni kunya. Yawancin katunana ba sunan mutum ke kansu ba, sarautarsa ce, domin haka muke magana, haka kuma ladabi ya koya mana. Mukan ce waƙar Sarkin Kano, waƙar Sarkin Musulmi, waƙar Sardauna. To, a ɗauka kati ya ce "Sarkin Kano, 1963". Wa ake nufi? A wannan shekara guda mutum uku suka zauna a kan wannan karaga. Muhammadu Sanusi ya yi murabus a cikinta, aka naɗa Muhammadu Inuwa, ya yi 'yan watanni ya rasu, sa'an nan aka naɗa Ado Bayero, wanda ya zauna har 2014. Sarauta guda, mutane da yawa. Ta ɗaya gefen kuma mutum guda kan riƙe sarauta fiye da ɗaya. Sanusin nan ya yi Ciroman Kano kafin ya zama Sarki. Ahmadu Bello an naɗa shi Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, ya riƙe su biyun har aka kashe shi a Janairun 1966. Ke nan tsakanin Mutum da Sarauta ma jam'i da jam'i ce, ajin tsakani kuwa shi ne Naɗi, mai riƙe da mutum guda, da sarauta guda, da ranar hawa, da ranar sauka. Da na kafa shi, sai na'ura ta iya yi mini aikin da a da sai na tashi na je ɗakin karatu: in kati ya ce Sarkin Musulmi a kowace shekara tsakanin 1939 da 1987, ta san Abubakar na Uku ne, domin ya hau a 1938 ya rasu a 1988. In kuwa ya ce Sarkin Kano 1963, sai ta kawo mini suna uku ta ce in zaɓa. Ban san amsar ba. Katin nan ya shekara a kwalina ina ganin cikakke ne.

Ta ukun ita ce mafi armashi, ita ce kuma har yanzu ban gama da ita ba. Na ce kowace waƙa tana da ubangida guda. Amma duk wanda ya saurari waƙar fada ya san mutanen da ke cikinta sun fi ɗaya. Akwai wanda aka gina waƙar dominsa, akwai iyayensa da kakanninsa da ake jingina shi gare su, akwai fadawa da hakimai da 'yan kasuwa da ake gaisarwa don abin da suka bayar, akwai kuma abokan hamayya. Waƙa guda tana ambaton mutane da yawa, mutum guda ana ambatonsa cikin waƙoƙi da yawa. Ajin tsakanin da na kafa shi kansa ya shiga dangantakar jam'i da jam'i, yana bukatar nasa ajin tsakani. Na raɗa masa suna Ambato: waƙa guda, mutum guda, ɗan waƙar da aka ambace shi a ciki, da kuma irin ambaton, ko yabo, ko roƙo, ko godiya, ko zambo, ko habaici.

Zambo da habaici su ne suka tsayar da ni. Ƙa'idar Ambato ta ce sai an nuna mutum. Amma habaici ai gaba ɗaya hikimarsa ita ce rashin kama suna. Makaɗi zai siffanta wani ɗan sarki da ya nemi sarauta ya rasa, ko ya kamanta shi da wata dabba, duk wanda ke fada ran nan ya san wanda ake nufi, amma ba a faɗa ba. Bayan shekara hamsin ɗalibi ya je bincike, wani tsohon bafade ya ce wane ne, ɗan makaɗin ya ce a'a wane ne, wani kundi da aka rubuta a da ya kawo na uku. In na zaɓi ɗaya na cusa a gurbin, na mai da zato tabbas, na kuma ɗora wa wani gida zagin da watakila ba nasu ba ne, jikokinsu kuwa suna nan da rai. In na bar gurbin fanko, na zubar da abin da mutum uku suka faɗa mini. Abin da na yi shi ne na bar Ambato ya zauna ba tare da mutum ba, na kafa wani aji mai suna Da'awa, wanda ke riƙe da ambato guda, da mutumin da ake zato, da wanda ya faɗa, da ranar da ya faɗa. Ambato guda na iya samun da'awa uku, na'ura kuma ba za ta yi alƙalanci ba, sai ta jero su. Abokina da ya ga wannan ya ce shi da aka ba shi aikin, da gurbi guda zai yi, ya sa doka cewa tilas a cike shi, domin a wurinsu gurbi fanko alamar sakaci ce. Bai yi laifi ba. Bai san habaici ba ne ta fuskar nazari.

Akwai ta huɗu, zan taɓa ta in wuce. Waƙar baka ba ta zama da siga guda. Bakandamiyar Shata an ɗauke ta fiye da sau ɗaya, rerawar kuma ba ta zo daidai da juna ba. Saboda haka wanda aka ambata a wannan rerawa ba lalle a same shi a waccan ba, Ambato kuwa da Rerawa ya kamata a ɗaure shi. Masu kula da ɗakunan karatu sun yi fama da irin wannan, har ƙungiyarsu ta duniya ta fitar da wani tsari a 1998 wanda ya bambanta aiki, da sigar da ya fito da ita, da bugun da ya ɗauke ta, da kwafin da ke hannu.

Masu Ja

Na nuna wa wani malaminmu zanen azuzuwan nan a takarda. Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce adabi ba lissafi ba ne, wanda ya zuba Narambaɗa cikin akwatuna zai fito da akwatuna ya bar Narambaɗa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, haka ne." Har yanzu kuma ina cewa haka ne, ta fuska guda. Babu ajin da zai riƙe zaƙin murya, ko nauyin kalma a bakin Bagobiri, ko abin da ke sa tsikar jiki ta tashi in kotso ya ɗauka. Wanda ya zaci manhaja za ta yi masa nazarin salo ya ɓata. Amma kwalin takalmina ma bai riƙe waɗannan ba. Katin da ke cikinsa shi ma akwati ne, sai dai akwati ne mai kawaici, wanda zai karɓi "Sarkin Kano, 1963" ya yi shiru. Kundayen da muke rubutawa kowace shekara cike suke da irin waɗannan jadawalai na waƙoƙi da waɗanda aka yi wa, kowane ɗalibi da nasa tsari, ba mai iya haɗa na wannan da na wancan. Tun da ba makawa sai mun kasa, gara mu koyi kasawa da kyau.

Wasu 'yan'uwa kuma suka ce a bar wa masu abin abinsu, in sashe na bukatar rumbu sai a kira masu kwamfuta su gina. Wasu ma suka ce tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen 2022, ba sai mutum ya koyi rubuta manhaja ba, sai ya faɗa a rubuta masa. Ban musa ba cewa irin waɗannan na'urori suna rubuta aji da ajin tsakani cikin ƙiftawar ido. Sai dai magini, ko mutum ne ko na'ura, abin da aka faɗa masa shi zai gina. In wanda ya je ba da aikin ya ce kowace waƙa tana da ubangida guda, haka za a gina masa, ginin kuma zai yi kyau, zai yi aiki, sai bayan an zuba waƙa dubu a gane an yi tuya an manta da albasa. Mai ba da aikin shi ne ya kamata ya san inda jam'i ya haɗu da jam'i, ya kuma san abin da ke zaune a tsakani. Ba zai sani ba sai ya taɓa ginawa da hannunsa ya ga ta rushe.

Ƙorafin da na fi ganin ƙarfinsa shi ne na kayan aiki da lokaci: ba kowa ke da kwamfuta ba, wuta ba ta zama, manhajar karatu kuma ta riga ta cika. Amsata ita ce, kashi mafi tsoka na wannan aiki a takarda na yi shi, da fensir da abin gogewa, akwati da layi. Rubuta shi cikin Python ya zo ne a ƙarshe, bai kuwa wuce 'yan shafuka ba. Abin da nake roƙo bai kai sabon darasi ba. Mako uku ko huɗu ne cikin darasin dabarun bincike, a raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, kowace ta ɗauki abin da ta sani. 'Yan ɓangaren harshe suna da nasu a shirye, watau kalma da ma'ana. "Baki" na nufin abin cin abinci, yana kuma nufin gefen abu, gefen abu kuwa ana ce masa baki, ana ce masa gefe, ana ce masa gaɓa in na kogi ne. Karin harshen da ke amfani da kalmar da wannan ma'ana, irin alamun da Bargery ya riƙa sawa cikin ƙamusunsa na 1934, a ajin tsakani zai zauna. 'Yan ɓangaren al'ada su ɗauki tsiro da cuta, ko sana'a da kayan aiki.

Ga wata 'yar tsaraba ga wanda zai gwada. Tun zubi na uku na Python, wanda ya fito a 2008, ana iya raɗa wa aji suna da haruffan da ba na Ingilishi ba, saboda haka na rubuta Waƙa da ƙ ɗinta, Naɗi da ɗ ɗinsa, ba tare da na'ura ta yi gardama ba. Inda ta ƙi shi ne alamar ɗauri, domin a wurinta alama ce ta buɗe zance. Da'awa sai da na cire mata ita. Duk sunan da ya fara da 'y kuwa sai da na ari harafin ƴ, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutu da shi.

A halin da ake ciki ginin nawa yana da aji takwas: Mutum, Sarauta, Naɗi, Waƙa, Rerawa, Matsayi, Ambato da Da'awa. Biyar daga cikinsu azuzuwan tsakani ne ko kusa da haka, babu kuwa ko ɗaya cikin biyar ɗin da ke kan katunana na asali a matsayin abu mai zaman kansa. Na shigar da mafi yawan katunan. Saura goma sha huɗu na'ura ta ƙi karɓa, wasu don sarauta ce kawai a kansu ba shekara, wasu don na rubuta wanda aka yi wa habaici ban rubuta wanda ya faɗa mini ba. Na ware su na ɗaure da roba, da su zan koma wurin tsofaffin da na yi hira da su in an ba da hutu mai zuwa, in Allah ya kai mu.